Gwiwar Batman da takabar da aka manta

Mai kallo ya fi sauƙin kai a kan yadda marubuta suke zato. Ka ce masa wani attajiri a Amurka yana sa kayan jemage da daddare yana jibgar ɓarayi, zai ce to, ci gaba. Ka ce wani ya faɗo daga wata duniya yana tashi sama ba fiffike, sai ya gyara zama. Ba ya neman hujja a kan wannan, don tun kafin ya zauna ya san kasuwar da ya shigo. Inda yake ɗaure fuska shi ne ka faɗa masa abu da bakinka a farkon labari, can gaba ka yi kamar ba kai ka faɗa ba. Wannan ne babban abin da na fito da shi daga karatun wasan kwaikwayo a jami'a a Samaru ta Zariya, kuma da shi nake cin abinci yanzu, domin aikina duba rubutaccen labari ne kafin a fita lokeshin, galibi na finafinai masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube.

Malamin da ya koya mana rubutun fim bai cika son dogon bayani ba. Fim ɗin Batman ya ba mu, The Dark Knight Rises na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2012, ya ce bai damu da wanda fim ɗin ya burge ko bai burge ba. Kowa ya nemo takarda ya ja layuka daga sama zuwa ƙasa. Gida na farko, lambar fitowa, wato sin. Na biyu, ina kowane mutum yake. Na uku, wace rana ce, ƙarfe nawa. Na huɗu, me kowa ya sani zuwa wannan lokaci. Na ƙarshe, me yake hannunsa: kuɗi, makami, waya, lafiyar jiki. Fim ɗin ya doshi awa uku, kuma ba a cika takardar sai da tsayar da hoto a koma baya, a sake komawa. Aiki ne mai gundura, ba na ɓoyewa. Amma duk abin da ido ya tsallake a kallon nishaɗi, takardar nan ba ta barinsa ya wuce.

Gwiwa ce ta fara faɗowa. A farkon fim an nuna Bruce Wayne, wato Batman, ya shekara 8 a kulle a gida yana dogara sanda. Ya je asibiti, likita ya duba hoton ƙafa ya ce babu sauran guringuntsi a gwiwar. Ba mu muka roƙi wannan bayani ba, fim ɗin ne ya kawo shi. Sai ya ɗaura wani ƙarfe a ƙafar, ya gwada shi har ya fasa bulo da ƙafa. Madalla, an kafa doka: ƙafar nan ba ta aiki sai da ƙarfe. Daga nan Bane, mugun fim ɗin, ya karya masa baya, ya kai shi wani kurkuku a ƙasan rami mai zurfi a wata ƙasa mai nisa, aka raba shi da kayan yaƙinsa. A can ne ya warke, ya hau bangon ramin, ya yi wani tsalle da ya gagari kowa in ban da mutum ɗaya a tarihin wurin. Da wace gwiwa? Ba wanda ya sake ambatonta har aka tashi fim. Gidan lafiyar jiki a takardata ya nuna gurguwar ƙafa a fitowa ta farko-farko, ya nuna lafiyayya a can gaba, babu fitowa ko ɗaya a tsakani da ta ɗauki nauyin canjin.

Na lokaci ya fi wannan fitowa fili. Bane da mutanensa sun afka kasuwar hannun jari ana tsakiyar ciniki, rana tsaka. Yaronsa mai kwamfuta ya ce saura minti 8 aikin ya kammala, suka hau babura suka fita, gari da haske. Suka shiga wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, da suka ɓullo dare ya yi tsakiya. Dalilin a bayyane yake: Batman ba ya kyau da rana, kuma wannan ce dawowarsa ta farko bayan shekaru, dole a ba shi duhu. Na fahimci uzurin, amma da ba a furta minti 8 ɗin nan ba, da ba wanda ya riƙe agogo. Su suka miƙa mana sandar da muke dukansu da ita.

Sai maganar kuɗi. An yi cinikin bogi da tambarin yatsun Bruce a daidai lokacin da 'yan bindiga suka mamaye kasuwar, duniya tana kallo, amma kafin a ce me har an ayyana shi a matsayin wanda ya karye, an janye motarsa, an yanke masa wuta. Wata 'yar ajinmu ta ce ko a Tudun Wada sai an kawo maka takardar bil kafin a hau falwaya. A nan dai marubutan sun ɗan yi dabara, sun sa Lucius Fox, na hannun daman Bruce a kamfaninsa, ya ce nan gaba za a iya tabbatar da cewa zamba ce, amma a yanzu kam an talauce. Jimla ɗaya ce, kuma ba ta gamsar da kowa ba, sai dai ta nuna wa mai kallo cewa an san da tambayarsa. Na daɗe ina amfani da wannan darasi. Mutum yana yafe amsa mai rauni, abin da ba ya yafewa shi ne a ɗauke shi wanda ba zai yi tambaya ba.

Ta 'yan sanda ba ta buƙatar dogon zance. An tura kusan dukan rundunar birni, mutum kimanin 3,000, cikin magudanan ƙarƙashin ƙasa a rana ɗaya, aka rufe su da bam. Ba shugaban tsaron da zai yi haka in ba marubuci ne yake son birni ya zama ba kowa ba. Suka yi watanni a ciki, suka fito da kaki tsaf, haɓa a aske, suka shiga faɗa da ƙarfinsu.

Inda aji ya rabu biyu, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne dawowar Bruce. Ya fito daga rami ba sisi, ba fasfo, ba waya. Wurin da aka ɗauki fitowar ma a Indiya ne, a Jodhpur, ana hango ganuwar Mehrangarh a bayansa, ko da yake fim ɗin bai faɗi sunan ƙasar ba. Gotham kuwa, birnin Batman, an farfasa gadojinta, ɗayar da ta rage sojoji ne a kai, an ce duk wanda ya tsallaka za a tayar da bam. Sai ga shi kwatsam a tsakiyar gari yana yi wa Selina Kyle, ɓarauniyar fim ɗin, magana. Mafi yawanmu muka rubuta wannan a matsayin babbar ɓarakar fim ɗin. Malam ya saurara har muka gama, sannan ya tambayi wani ɗalibi da ya fi kowa zaƙewa:

"Wace magana fim ɗin ya yi a baya da wannan ta ƙaryata?"

"Allah ya gafarta Malam, ai ba a nuna yadda ya shigo ba."

"Na ji ba a nuna ba. Cewa na yi me ta ƙaryata."

Aka yi shiru. Domin a fim na farko, Batman Begins na 2005, an riga an nuna mutumin nan ya kyautar da kuɗinsa, ya ɓuya a jirgin ruwa, ya yi shekara 7 yana yawon duniya cikin ɓarayi ba wanda ya san inda yake. An nuna shi yana koyon faɗa a kan ƙanƙara, kuma a wannan fim ɗin kogin da ya kewaye birnin ya daskare. Ashe tafiyar ba ta saɓa wa komai ba, tsallake ta kawai aka yi. A ranar na fara raba abu biyu da a da nake cakuɗawa. Akwai giɓin da aka bari, wanda mai kallo zai iya cikewa da abin da aka riga aka ba shi. Akwai kuma ɓaraka, inda magana biyu na fim ɗaya ba za su taɓa zama gaskiya a tare ba. Na farko sau da yawa alheri ne, don ba wanda ya biya kuɗin data don ya ga jarumi yana layin biza. Na biyun ne cuta. Yawancin abin da matasa suke jerawa a intanet da sunan kurakuran fim na farkon ne, shi ya sa jerin yake yin tsawo ba tare da ya ce komai ba.

Wani abin dariya ya faru a kan karayar baya. A cikin ramin wani fursuna ya duba bayan Bruce, ya ce ƙashi ne ya goce, ya naushi wurin ya koma, ya rataye shi da igiya har ya iya tsayuwa. Wata ƙawata da take karatun likita a Shika ta kalli wurin ta yi ta dariya har da hawaye. 'Yan ajinmu da yawa kuwa ko a jikinsu, don sun tashi suna ganin mai ɗori yana jan ƙafa ya ɗaure da kara, bayan makonni mutum ya miƙe. Fitowa ɗaya ce, wani ya ga shirme, wani ya ga abin da ya saba gani. Wato ɓaraka ba a cikin fim kaɗai take zaune ba, tana tsakanin fim da abin da mai kallonsa ya sani. Wannan ya zame mini tambayar farko a kowane aiki: su wa za su kalla, kuma me suka sani wanda ba za a iya yi musu wayo a kai ba?

Malam yakan kawo maganar Aristo, masanin falsafar Girka, cewa abin da ba zai yiwu ba amma ya shiga hankali ya fi abin da zai yiwu amma bai shiga ba. Ni kam a wurin kakata na fara ganin haka, tun ban san sunanta ilimi ba. In ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka ce ta zo mu ji ta, ba yaron da yake musun cewa Gizo yana magana ko yana da mata. Amma ta kuskura ta ce kura ta mutu a rijiya, can gaba kura ta zo cin biki, nan take za ka ji an ce, "Iya, ba kin ce ta mutu ba?" Dole ta tsaya ta nemo yadda ta fito, in ba haka ba tatsuniya ta watse.

Finafinan jarumai sun fi kowa faɗawa wannan rami saboda ƙarfin da suke ba mutanensu. A Ant-Man na 2015 an yi mana bayani cewa ana ƙanƙantar da abu ne ta hanyar matse tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra, shi ya sa ɗan mitsitsin jarumin yake naushi da ƙarfin cikakken mutum. To in haka ne nauyinsa na nan. Sai ga shi a bayan tururuwa tana tashi da shi, ga tsoho yana yawo da tankar yaƙi a maƙale da makullinsa. A Superman na 1978 kuwa jarumin ya kasa tare makamai masu linzami guda biyu da aka harba gabas da yamma, ya tare ɗaya, ɗayan ya faɗa. Da masoyiyarsa Lois ta mutu sai ya kewaya duniya da gudun da ya mayar da lokaci baya. Mai wannan gudu ina shi ina kasa cim ma makami biyu? Kuma tunda yana iya dawo da jiya, wace mutuwa ce za ta sake ba mu tsoro? Duk ƙarfin da ka ba jarumi bashi ne ka ci, mai kallo zai zo karɓa a kowace fitowa.

A namu finafinan wayar hannu ce wannan ƙarfi. Rabin rikicin da nake karantawa kira ɗaya zai kashe shi. An ce wa miji an ga matarsa a wani wuri, ya ɗauki mota daga Kwangila har cikin birni yana huci, ga waya a aljihunsa. Ba na cewa a cire fitowar. Cewa nake a ba ni dalili: ya kira ba ta ɗaga ba, ko wayar tana hannun yaro, ko kuma, wanda na fi so, mutum ne mai girman kan da ba zai kira ba, kuma an nuna mana wannan hali nasa tun kashi na farko. Dalilin da ya fito daga halin mutum ya fi na rashin caji daɗewa.

Akwai kuma abin da nake gani in kawar da kai. A wani aiki an nuna ana bin mota, ta shige Ƙofar Doka, ta sha kwana sai ga ta a Samaru. Bazazzagi zai yi murmushi, don ya san akwai Tudun Wada da Kwangila a tsakani, amma mai kallo a Sakkwato ko Maraɗi bai rasa komai ba, labarin kuma bai dogara da nisan ba. Gotham ɗin ma ai haɗe-haɗe ce, wani titin na Pittsburgh, wani na New York, wani na Los Angeles. Haka nan jemagen wuta da Batman ya zana a jikin gada, alhali sa'o'i suka rage bam ya tashi. In ka bi ta lissafi ɓata lokaci ne, wa ya ba shi fetur, yaushe ya hau? Amma da ni aka ba labarin ba zan taɓa shi ba. Birnin da ya yi wata 5 a hannun 'yan ta'adda yana buƙatar ya ga alama, mai kallo ma haka. Wanda ya toshe kowace kafa sai ya wayi gari da labari mai tsafta wanda ba mai son kallonsa.

Wadda ba na kawar da kai a kanta ita ce wadda ta taɓa abin da kowace mace a gidan kallo ta sani a jikinta. An kawo mini wani labari mai kyau ƙwarai. Attajiri ya rasu bai bar ɗa ko ɗaya ba, matarsa tana da rubu'in dukiya, 'yan'uwansa suna son korarta daga gidan, wani tsohon masoyinta ya dawo. Marubucin bai rubuta kwanan wata ko sau ɗaya ba, don haka a karatun farko komai lafiya. Da na ja layukana sai agogo ya fito ta inda bai zata ba. Ranar sadakar uku maƙwabciya ta haihu. Kashi biyu a gaba aka yi suna, kwana 7 ke nan. A kashin da aka ɗaura wa matar mamacin aure, an nuna maƙwabciyar tana ba da haƙurin ba za ta je ɗaurin aure ba don ba ta gama wankan jego ba. Ba a yi arba'in ba ke nan. Takaba kuwa wata 4 da kwana 10 ce.

Na kai wa furodusa takardar a ofishinsa da ke Sabon Gari. Ya sa tabarau ya bi layin da yatsa, ya ɗago.

"Malama, wa zai zauna yana wannan lissafin?"

"Ranka ya daɗe, ba sai an zauna ba. Duk matar da ta taɓa jego ko ta yi zaman takaba a jikinta za ta ji. Kafin a gama kashin sun cika wurin sharhi da ina takabar."

Ya yi jim. Mutum ne mai saurin dabara, ban raina masa ba. Ya ce to a sa ita ma matar tana da tsohon ciki, ta haihu bayan rasuwar da 'yan kwanaki, ai mai ciki da ta sauka ta fita idda. Ta fuskar hukunci ya yi daidai. Sai na juya masa shafi na biyu. In ta haihu, mamacin ya bar ɗa, rabonta ya sauko daga rubu'i ya koma tumuni. In kuma namiji ne, ya kange 'yan'uwan uban gaba ɗaya, ba su da ko tsinke a gidan. Rigimar da aka gina zango guda a kanta ta mutu tun kashi na uku. Ya cire tabarau ya yi dariya, ya ce wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Gyaran da muka tsaya a kai bai ci ko kwabo ba. Ba mu taɓa matar mamacin ba, maƙwabciyar muka taɓa. Ranar sadakar uku, maimakon a ce ta haihu, sai aka nuna ta tashi daga cikin mata da sauri ta zagaya baya, wata tsohuwa ta bi ta da kallo ta ce da alama an samu ƙaruwa. Laulayi ke nan. Fitowar suna aka ɗauke ta daga kashi na biyar aka kai ta gab da ɗaurin aure, maganar wankan jego ta zauna a inda take ba a canza harafi ba. Cikin maƙwabciya ya zama shi ne agogon labarin, yana girma a bayan fage daga kashi zuwa kashi, kuma duk wanda ya ga jariri ya san an haura wata shida ba tare da an rubuta komai a fuskar talabijin ba. Darakta ya ƙara nasa, ya ce tunda za a fara ɗauka da sanyi, a bar fitowar auren sai ruwa ya sauka, a ga hazo a makoki, a ga kore a biki. Mai kwantiniti, mai lura da daidaiton kaya daga fitowa zuwa fitowa, ita ce kaɗai ta yi ƙorafi, don yanzu sai ta riƙa bin girman tsumman cikin a kowace fitowa, ga kuma lallen amarya da dole a hana jarumar sawa har sai an gama ɗaukar duk fitowar takaba.